Bindiga a Jaka, Finjali a Hannu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta.

Shugabar wannan taro, Dakta Sausan, wakilin gwamnan lardi, dattawanmu, shugabannin zuriyoyin gabashin Mafrak, waɗanda suka baro garkunansu da baƙinsu suka amsa kiranmu, Abu Nawwaf, wanda nake kira baffa don girmamawa, wanda ya ba ni izinin ambaton gidansa a bainar jama'a, alƙalan kotun iyali, jami'an tsaro, 'yan'uwana ma'aikatan walwalar jama'a, masu shiga gidan da ba a gayyace su ba, iyayenmu mata da ke can baya, waɗanda suka riga kowa zuwa kuma za su riga kowa yanke hukunci a kan jawabin nan: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Intisar, amma yawancinku Ummu Yazan kuka sani. Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa ƙungiyarmu da ta ce ni zan yi magana, ko da yake ta san ba ni da birki. Ina gode wa mijina, Abu Yazan, wanda ya daɗe yana cin abincin rana shi kaɗai, bai kai ƙarata ko'ina ba sai wajen mahaifiyarsa.

Maganata uku ce.

Ta farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. An daɗe ana raɗa cewa Ummu Yazan na yawo da ƙaramar bindiga a jaka. To, gaskiya ne. Da lasisina, da horona, kuma ba don sha'awa na ɗauka ba. Lasisin da horon na daɗe da su, amma na fara yawo da ita ne bayan da aka harba bindiga ta saman motar abokiyar aikinmu Ruba, ita kaɗai a hanyar hamada, har ta kasa riƙe sitiyari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ne muke zuwa gidan da aka doki mace, mu ne muke zuwa gidan da aka kulle tsoho, mu ne muke zuwa gidan da aka raba ɗa da uwa, kuma ba mu da kaki, ba mu da rakiya. Ina jin tsoro, jama'a, ban taɓa ɓoyewa ba. Mahaifiyata da ta ga bindigar cewa ta yi, "Ke da ba ki iya yanka kaza ba?" Na ce mata ai kaza ba ta taɓa tare ni a hanya ba.

Ta biyu, ita ce labarin da ya tara mu.

Mamduh, ƙaramin ɗan baffana Abu Nawwaf, direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Akaba, Allah Ya jiƙansa. Ya bar matarsa Hadil da jaririya mai shan nono, Juri. Ana tashi daga zaman makoki, babban wansa Nawwaf ya ce jinin gidansu ba zai fita daga gidansu ba. Aka mai da Hadil wajen iyayenta hannu rabbana. Kotu ta ba uwa 'yarta, amma hukunci a takarda yake, jaririya kuwa tana can ta ƙi karɓar kwalbar madara, tana ramewa. In aka tura 'yan sanda, gidan zai ɗauke shi tozarci, a yi ta ja-in-ja, kuma yarinyar ba ta da ƙarfin jiran manya su gama taurin kai. Ruba aka fara turawa, kun ji yadda aka tarbe ta. Nawwaf ga shi can zaune, shi da kansa ya ce in faɗi sunansa, kada in rage komai.

Sai na ɗauki Hadil a motata, na bar ta a ciki nesa da ƙofar gidan Abu Nawwaf, rigarta jiƙe da ruwan nono, na nufi zauren maza ni kaɗai. Ban bi ta ƙofar mata ba. Abu Nawwaf ya nuna mini shimfiɗa na zauna, jakata a cinya, hannuna na dama a cikinta, yatsuna a kan ƙarfen nan mai sanyi. Nawwaf na tsaye jikin ƙofa, tasa bindigar a ƙugu, ba ya ma ɓoye ta.

Sai aka zo da gahawa.

Ku da kuka sani, ku auna halin da na shiga. Mai zubawa ya tsaya a kaina, ya miƙo finjali, ɗan kofin gahawa. In na karɓa da hagu, na zagi gidan. In na ƙi karɓa, na zagi mai gidan. Hannun dama kuwa ɗaya Allah Ya ba ni, kuma yana kan bindiga. Gaba kura, baya siyaki. A wajen horo an koya mini yadda ake zarewa, an koya mini yadda ake saitawa, ba wanda ya koya mini abin da zan yi in aka miƙo mini gahawa. Na dubi Nawwaf, na dubi finjalin, na tuna da matar da ke cikin motata. Sai na saki bindigar, na fito da hannuna, na karɓa.

Amma ban sha ba. Na ajiye finjalin a ƙasa gabana, kamar yadda kakanninmu suke yi idan sun zo da buƙata, ba sa kai shi baki sai an biya musu ita. Wani daga gefe ya yi dariya ya ce yaushe mata suka fara ajiye finjali. Abu Nawwaf bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata, gahawarmu ta yi sanyi ne?" Na ce, "Baffa, gahawarku ba ta da aibu. Amma ba zan sha ba sai Juri ta sha nonon uwarta."

Nawwaf ya lura da inda hannuna ya fito. Ya ce wa mahaifinsa in buɗe jakar, mace ta shigo musu zaure da makami. Ya faɗi gaskiya, kuma laifi ne babba a al'adarmu. Na buɗe a hankali, na ciro ta, na zare harsasan kowa na gani, na tura ta gaban dattijon. Na ce, "Tsoro ya sa na ɗauko ta. Yanzu ga ta. Ni da uwar yarinyar muna fuskarka, Baffa." Kun san nauyin kalmar nan: wanda ya shiga fuskar mutum, duk abin da ya taɓa shi, mutuncin mai fuskar ya taɓa.

Daga cikin gida muna jin kukan yarinyar, kukan da ya gaji har ya dishe. Nawwaf ya fara magana, mahaifinsa ya ɗaga masa hannu. Sannan dattijon ya ce, "Na binne ɗa, ba zan binne jika ba. Sha gahawarki, 'yata."

Na sha, jama'a, na sha! Ta yi sanyi ƙalau, kuma ban taɓa shan gahawa mai daɗinta ba. Nawwaf da kansa aka umarta ya shiga ya ɗauko yarinyar, da kansa ya kai ta bakin mota, hawaye na bin gemunsa, domin shi ma ƙanensa yake gani a fuskarta. Hadil ta karɓe ta, kukan ya tsaya cak.

Ta uku, ita ce nasarar yau. Ana tambayata, shin kowane ma'aikaci ya nemi bindiga? Ba zan ce ku ɗauka ba, ba zan ce ku ajiye ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ɗauka, ya ɗauka bisa doka, ya je horo, ya kulle ta nesa da 'ya'yansa. Abin da zan shaida shi ne, ita ta ba ni ƙarfin zuciyar isa ƙofar, amma da na ci gaba da riƙe ta, da ban fito da yarinyar ba. Ba bindiga muka nema ba tun farko. Mun nemi a daina tura mu mu kaɗai, yau hukumar lardi ta amince kowace ziyara mai haɗari mutum biyu za su je. Mun nemi a san mu baƙi ne ba 'yan leƙen asiri ba, yau dattawan nan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, Abu Nawwaf a gaba, suka furta cewa duk ma'aikacin da ya taka ƙasarsu yana fuskarsu tun daga shigarsa har fitarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yau hannaye sun haɗu.

Saboda haka ina kira ga dattawa, ku riƙe wannan alkawari ranar da aka taɓa gidan naku, ba ranar da aka taɓa na maƙwabci kaɗai ba. Ina kira ga matasanmu, wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarku da jaka a kafaɗa ba maƙiyinku ba ne. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman Ruba, wadda ta koma bakin aiki duk da abin da ta gani: ku ɗaga kawunanku, yau ranarku ce.

Wanda kuma yake tambaya ko wahalar nan ta biya, ya waiwaya layi na biyu. Waccan mai jan kunnen Nawwaf, wadda tun ɗazu take hana shi sauraren laifinsa, ita ce Juri. A gidan uwarta take kwana, duk Juma'a kuma a kafaɗar Nawwaf take zuwa cin mansaf, shinkafa da naman rago, a gidan kakanta.

Allah Ya raya ta, Ya raya 'ya'yanmu baki ɗaya. Allah Ya jiƙan mahaifinta da magabatanmu. Allah Ya ƙara wa dattawanmu girma, Ya tsare duk wanda ya fita da safe domin ɗan wani, Ya dawo da shi ga nasa 'ya'yan. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.