Awartaki a Cikin Kofin Awo

Mai girma shugaban ƙungiyar maƙeran zinariya, dattawan sana'a, magatakarda, iyayena da yayyena da kuka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ɗauko ni daga ɗakin gwaji na jami'a. Tun a bakin ƙofa shugaba ya tare ni da wata takarda ya ce, "Malama, aikin an gama, hannu kawai za ki sa." Takardar kuwa cewa ta yi Baban Tagwaye, da ke zaune can ƙarshen benci, ya yi wa munduwar zinariya algus, don haka yau za a kore shi, a rufe masa shagon da ya yi shekara talatin a ciki.

Gwajin da kuka yi sananne ne. A auna nauyin ƙarfe, a tsoma shi a ruwa, a ga yadda ruwan ya tashi. Idan girman ya yi wa nauyin yawa, akwai gauraye. Sai dai ruwa ba ya tantance abin da aka tsoma masa.

Kurakurai huɗu na gani a gwajin naku. Na farko, kofin awon. Tsakanin layi da layi mililita biyar ne, munduwar kuwa duka-duka girmanta bai kai uku ba. Da ido aka raba sauran.

Na biyu, idon. Magatakarda, dogo, ya karanta ruwan a tsaye kafin a tsoma. Ma'aji ya karanta a zaune bayan an tsoma. Kowannensu ya rantse, kuma na yarda da rantsuwar kowa.

Na uku, kumfa. Munduwar zane gare ta, an kuma goge ta da mai don ta yi kyau a gaban kwamiti. Iska ta maƙale a kowane lungu, aka lissafa ta a matsayin ƙarfe.

Na huɗu shi ya hana ni zama. Na tambayi magatakarda, "Yaya, da me ka riƙe ta a cikin ruwan?" Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Haba Malama, maƙeri ne fa ni. Da awartaki mana!" Bakin awartakin ya nutse tare da ita. Ashe har da shi kuka auna, laifinsa kuma kuka ɗora wa Baban Tagwaye.

Shugaba, na ga kana duba agogo, na kusa. Ban ce zinariyarsa tsantsa ce ba. Ban sani ba. Ku ma ba ku sani ba, bambancin kawai ku kun riga kun buga hatimi.

Ga takardarku, babu hannuna a kai. Ku kawo munduwar gobe da safe, da siririn zaren da za a rataye ta, da shi Baban Tagwaye, a sake gwajin a gabansa. In kuwa yau za ku kaɗa ƙuri'a, ku bari in fita tukuna, ku rufe ƙofa.

Allah ya tsare hannuwanku daga wuta, ya tsare bakunanku daga shaidar abin da ba ku gani ba.

Na gode.