Wuƙar da Ɗa Ya Aiko

A bakin kasuwa wani mai gadi ya miƙa wa tsoho mai washi 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa. Tsohon ya ɗora ta kan dutse, ya ga ba tartsatsin kirki.

"Malam, wannan ai gwangwani ne. Ko igiya ta yanka sai ta dakushe."

"Baba, wasa min kawai. Kullum ina goga ta."

"Shi ya sa ta zama tsinke. Yar da ita."

"Ɗana ya aiko min. Shekara huɗu ke nan, ko waya bai ƙara yi ba."

Tsohon ya naɗe wuƙar, ya sa masa a tafin hannu.

"To ba zan wasa ba. Dutsen nan ya ƙara cinta, ƙota kawai za ka kai gida."