Waya a Gurbin Fis

Ƙin jin gargaɗi mugun hali ne, ko da na'ura ce ta yi gargaɗin. Wani mai kai burodi shaguna ya turo babur ɗinsa rumfar wani tsohon bakanike, yana haki, ya ce batir ya ƙi riƙe caji.

Tsohon ya buɗe murfi, ya zaro wata waya da ta yi baƙi ƙirin.

"Malam, wa ya ɗaura wannan a gurbin fis, ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in waya ta samu matsala?"

"Ni ne, Baba. Sau huɗu yana ƙonewa a mako guda. Na gaji, na raba kaina da shi."

"Ai faɗa maka yake yi wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Kai kuma ka toshe masa baki."

"To a sa sabo in wuce. Maigidana ya ce in na sake makara, wani zai ba aikin."

"A sa a ina? Shinshina nan ka ji."

Mai burodin ya sunkuya, ƙaurin roba ya daki hancinsa.

"Batir ya kumbura, koyil ya ƙone, wayoyi sun narke har fitila. Abu uku ke nan."

Mai burodin ya zauna kan tsohuwar taya.

"Huɗu, Baba. Ka sa da aikina."