Sha'irin da aka tuge mini a fadama

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ban saba rubuto wasiƙa ba, amma wannan magana ta ƙi haɗiyuwa.

Na karanta aikin gona a jami'a. Na yi shekaru ina zaɓen irin sha'ir mai jure zafi da ƙarancin ruwa a wata fadama kusa da Kiyawa. Bana, gab da girbi, aka yaɗa cewa kayan giya nake nomawa, wai don da sha'ir ake yin ta. Matasa suka tuge gonar da sunan kare Shari'a, babu wanda ya tambaye ni.

Sha'irin nan shi malamai ke ambata a zakkar fidda-kai. Matasan sun haddace sunansa, ba su taɓa ganin zangarniyarsa ba.

Irin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Malaman wannan shiri, ku ba ni shawara: in sake shukawa a can, ko in kai shi wata jiha?