Na roƙi muryata, aka ba ni wata

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Rahila mai masa ta nan Zongo. Idan kun ji muryata ta yi kauri, ba mura ba ce, ita ce shaidar tawa.

Tun ina yarinya ni ke ba da waƙa a sujadar Hausa, jama'a na amsawa. Sai koral ɗinmu, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ta samu sabon shugaba, malamin waƙa Metir Kilema daga unguwar Bilbalogho. Ya kawo mana wata tsohuwar waƙar Latin, addu'ar neman jinƙai, wai an yi ta shekaru aru-aru, da murya huɗu. Ya ce ita za mu yi ranar bikin Tashin Ubangiji.

Jama'a, waƙa ce ba mai bayarwa, ba mai amshi! Soprano masu siririyar murya su fara, kafin su rufe baki alto, mata masu kaurin murya, sun shigo, maza su faɗo daga baya, kowa da hanyarsa kamar an tashi kasuwa. Na ce masa a gidanmu ba a katse mutum yana magana, balle yana addu'a. Ya ce haka aka tsara ta. Ni kuwa gani nake sun ɓata hanya ne, sai in ƙara ɗaga murya don in tattaro su. Ya buga tebur, in ƙara. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Ga hayaƙin tanda da safe, ga wannan ihu da yamma. Wata rana na buɗe baki in kira mai sayen masa, iska kawai ta fito. Likita ya duba maƙogwarona ya ce in yi shiru ɗungurungum, in ba haka ba in manta da waƙa har abada. Ni Rahila, shiru? Hajiya maƙwabciyata, Bakanuwa mai atamfa, ta kawo zuma da citta, tana tsokanata wai unguwa ta huta. Na sha, ba canji. Tsoro ya kama ni sosai.

Duk da haka na riƙa zuwa wurin koyon waƙa, in zauna can baya ina cika ina batsewa. Rannan na durƙusa, na ce a zuciyata: "Ubangiji, ka san ba ni da wani abin ba ka sai muryar nan. Maido mini da abata." Ina durƙushe 'yan koral suka fara. Ashe ban taɓa jin waƙar ba, kaina nake ji. Roƙo ɗaya ne, wannan ya ɗauka, kafin ya gaji wancan ya karɓa, ba a barinsa ya faɗi ƙasa. Na yi kuka ba sauti.

Kafin bikin murya ta dawo, amma ba tawa ba. Ta yi kauri, sama ta ƙi hawuwa. Na koma gaban Ubangiji da ƙorafi, na ce ba wannan na roƙa ba. Da na gwada waƙa, Metir ya saurare ni, ya ce, "Yaya Rahila, alto muke nema tuntuni."

Ranar bikin na tsaya a layi na biyu, na jira wasu suka fara, sannan na shigo. Har yau jiran nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Amma likita ya ce na warke, kuma ina waƙa. Godiya ta tabbata ga Yesu. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da abin da ya miƙo muku bai yi kama da wanda kuka roƙa ba. Ku karɓa. Amin.