Faifan Kwamfuta a Cikin Fayil

A tashar Dutsin-Ma, cikin 1988, Obadiya masinja na rungume da fayil yana jiran motar Katsina ta cika. Kusa da shi wani malamin lissafi ne daga Kurfi, bai san shi ba.

"Maigida, mene ne wannan yake lilo a fayil ɗinka?" in ji malamin.

"Faifan kwamfuta ne," in ji Obadiya, yana gyara zama. "Sunayen yaranmu masu jarrabawa, su ɗari uku, duk suna ciki. Yau ake rufe karɓa."

"Na yi aiki da irinsa a jami'a. Ba ya son rana, ba ya son lanƙwasa. Wannan zaren fa, ta ina ya bi?"

"Ta huda mana."

"Ta tsakiya, wadda ya zo da ita?"

"Haba Malam, wannan ta yi faɗi. Sabuwa aka yi masa."

"Wa ya yi?"

"Akawu."

"To akawun nan ya hana yara ɗari uku jarrabawa bana."

"Kada ka zagi mutum, Malam! Shekara ashirin takarda ba ta taɓa fita daga ofishinmu ba tare da an ɗaure ta a fayil ba. Wannan baƙin abin da ke ciki ma taurin kai ya yi, sai da na nemo ƙusa na..."

Obadiya ya daɗe yana kallon faifan, sannan ya rage murya.

"Malam, kafin a saka shi cikin injin, ana ganewa?"

"Ba lallai ba."

"To, ni kaiwa aka ce in yi."