Kafin a Ƙwanƙwasa Ƙofa

Shugaban ƙungiyar masunta, Ejvind, mai girma magajiyar gari, Fasto Bodil, 'yan'uwana ma'aikatan jirgin ceto, iyaye mata da matasan garin nan, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da kofi, ina godiya da kuka ba tsoho Thorkild dama ya yi magana, ko da yake yau raina ba daɗi.

Da farko, mu mutanen Denmark muna da kalmar da iyayenmu suka keɓe wa labari mai nauyi, wato "overbringe": ka ɗauke shi da ƙafarka, ka kai shi har ƙofa, ka cire hula, ka zauna. In teku ta ci mutum, ni da Fasto muke tafiya gidansu mu kai labarin, garin kuma ya kame bakinsa har mu fito. Yaran yanzu sun aro "share" daga Ingilishi, abin da ɗan yatsa ke gamawa kafin ƙiftawar ido.

Na biyu, kun san abin da ya sami Gudrun ranar da jirgin mijinta Aksel ya kife. Tana layin sayen burodi wayarta ta yi ƙara, ta ga hoton gawarsa a lulluɓe a bakin gaɓa, ta gane shi da takalmansa. Ba ta da kujerar zama, ba ta da kafaɗar jingina. Wanda ya ɗauki hoton ba mugu ba ne, waɗanda suka tura ba miyagu ba ne, amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Muka iske ta a gida. Ta ce, "Thorkild, ka makara. Har 'yan Kopenhagen sun riga ka yi mini ta'aziyya." Na juya zan tafi, sai ta riƙe hannun rigata.

"Ina za ka? Zauna ka faɗa mini da bakinka. Ni ban ji komai ba tukuna."

Na zauna, na faɗa mata. Sai a lokacin ta yi kuka.

Roƙona ɗaya ne: in teku ta sake taɓa mu, ku ajiye wayoyinku har mu ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya jiƙan Aksel, ya ba Gudrun haƙuri, ya dawo da kowane jirginmu da mutanensa cif. Na gode.